Mataimakin Manaja A Kano, Siniya A Legas: Nazarin Sauya Sheƙar Wani Akanta

Ranar da takardar ta iso, cikin watan Agustan 2023, ƙanina bai kira ni a waya ba. Bayan sallar isha'i ya zo gida da kansa, ya zauna a bakin tabarma, ya miƙo mini wayarsa. "Yaya, karanta ka faɗa mini gaskiya." Takardar ɗaukar aiki ce daga ɗaya daga cikin manyan kamfanonin binciken kuɗi huɗu na duniya, reshensu na Legas. Albashin ya kusa ninka wanda yake karɓa. Sai dai muƙamin da aka rubuta masa shi ne siniya, wato matakin da ke ƙasa da mataimakin manaja, shi kuwa a inda yake aiki a Kano shekara biyu ke nan ana kiransa mataimakin manaja.

Ni ma akanta ne, na haura shekara ashirin a wannan sana'a, kuma da izininsa nake rubuta wannan. Ba zan ambaci sunansa ba, ko na inda ya bari, ko na inda ya koma. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yawan matasan da ke tare ni da irin wannan tambaya, galibinsu kuma albashi kaɗai suke kallo, ko girman sunan kamfani.

Inda ya fito

Kamfanin da ya rene shi matsakaici ne: masu shi mutum uku, ma'aikata wajen arba'in, ofis a Kano da Kaduna da wani ƙarami a Abuja. Ya shiga a 2016 bayan ya gama bautar ƙasa, a nan ya yi jarrabawar ICAN, ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Nijeriya, har ya zama cikakken akanta, kuma babban mai kamfanin, wanda kowa ke kira Alhaji, shi ya riƙa biya masa kuɗin jarrabawar daga aljihunsa.

Masu hulɗa da su irin mutanen da muka sani ne: masu injinan casar shinkafa, masu matse mai a Sharada da Challawa, manyan 'yan kasuwar Kantin Kwari da suka yi rajistar kamfani, asibitoci da makarantu masu zaman kansu, sai ƙungiyoyin agaji da masu ba su tallafi ke nema wa rahoton odita, wato mai binciken littattafan kuɗi. A irin wannan wuri ba a raba aiki. Mutum ɗaya ne zai je ya ƙirga buhuna a sito, ya dawo ya daidaita leja da takardar banki, ya lissafa haraji, ya je ofishin FIRS, hukumar harajin tarayya ta lokacin, ya kare lissafin, sannan ya zauna da mai dukiya ya fahimtar da shi cewa kuɗin aikin Hajji da na auren 'yarsa ba sa shiga cikin kuɗin da kamfani ya kashe. Sau tari littattafan ma babu su, sai a kawo maka kwali cike da rasit da bauca a ce ga lissafin shekara. Shekara bakwai ƙanina ya yi a cikin wannan. Ya san warin sito, ya san yadda ake tambayar mai gadi a ji abin da manaja ba zai faɗa ba. A lokacin shi kansa bai ɗauki wannan a bakin komai ba.

Abin da bai taɓa yi ba kuwa yana da yawa. Bai taɓa binciken banki ba, ko kamfanin inshora, ko kamfanin da ke kasuwar hannun jari. Nijeriya ta koma kan IFRS, ƙa'idojin rubuta rahoton kuɗi na duniya, tun 2012, amma irin su IFRS 9, wadda ta fara aiki a 2018 kan yadda ake ƙiyasta bashin da ba zai dawo ba, a takardar jarrabawa kawai ya san ta. Ga kuma dokar kamfanoni ta CAMA 2020, wadda ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni tilascin naɗa odita, wato waɗanda cinikinsu na shekara bai wuce naira miliyan 120 ba, dukiyarsu kuma ba ta wuce miliyan 60 ba. Bankuna da masu haraji sun ci gaba da neman rahoton, amma kowa a ofishin ya ga cewa wani ɓangare na abincinsu ya fara raguwa. Maganar ba shi kaso a kamfani kuwa, Alhaji ya sha yin ta a fatar baki, da zuciya ɗaya kuma, amma ba ta taɓa hawa takarda ba.

Me ya sa babban kamfani ya waiwayi yaron Kano? Bisa al'ada, Deloitte da PwC da KPMG da EY sun fi son ɗaukar sababbin masu digiri su rene su da kansu, mataki bayan mataki. Amma tsakanin 2021 da 2023 guguwar nan ta ficewa waje da ake kira japa ta kwashe musu masu shekara uku zuwa shida a aiki, suka nufi Ingila da Kanada da ƙasashen Larabawa. Tsakiyar tsanin ta zama fanko: ga yara sababbi a ƙasa, ga manajoji a sama, babu masu riƙe aiki a fili. Wannan giɓi shi ya buɗe masa ƙofa.

Lissafin da muka yi a daren

Na sa ya ɗauko biro da takarda. Muka cire haraji, muka cire kashi 8 cikin ɗari na fansho da doka ta ɗora wa ma'aikaci. Muka sa kuɗin haya, wanda a Legas ake biyan na shekara gaba ɗaya, ga na dillali, ga na yarjejeniya. Matarsa da yara biyu za su zauna a Kano tukuna, wato tukunya biyu ke nan a kan wuta. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun shekarar, kuɗin mota da na jirgi duk sun tashi, shi kuma zai so ya leƙo gida ko sau ɗaya ne a wata biyu.

Sai abu biyu da bai yi tunaninsu ba sam. Na farko, yana riƙe wa wasu 'yan kasuwa uku littattafai a ƙarshen mako, suna ba shi abin da ke ɗauke masa kuɗin makarantar yara. Babban kamfani ba zai yarda da wannan ba. Na biyu, ƙa'idar 'yancin odita ta hana mutum mallakar hannun jari a kamfanin da yake bincika, manyan kamfanoni kuma sukan faɗaɗa haramcin, su sa ka bayyana duk abin da kai da iyalinka kuka mallaka. Yana da ɗan hannun jari a bankuna biyu, dole ya shirya rabuwa da su idan suka faɗo cikin jerin. Da muka gama, albashin da ya yi kamar ninki biyu ya koma ƙarin da bai fi rubu'i ba.

Na ce masa, "In don kuɗi ne, yi zamanka. In don ka ga abin da ba za ka taɓa gani a nan ba ne, tafi, amma ka sa wa ranka shekara uku." Har yau ina kan wannan ra'ayi. Tsarin shugabancin kamfanoni na 2018 ya ce kada odita ɗaya ya wuce shekara goma yana bincika kamfani guda, amma idan wa'adin ya cika, manyan bankuna da kamfanonin sadarwa yawanci daga hannun wani babba suke komawa hannun wani babban. Wanda ke son ya ga cikin irin waɗannan littattafai, hanyar ke nan.

Inda na yi kuskure shi ne batun muƙami. Na ce masa kada ya damu da suna, ai siniya a can ya fi manaja a nan. Akwai gaskiya a ciki, amma ban sa shi ya yi tambayoyin da suka kamata ba: a wane wata ake duba ƙarin girma, wata nawa mutum zai yi kafin ya cancanci shiga layi, wane sashe za a kai shi, wa zai zama manajansa. Duk tattaunawarsa da su a kan albashi ta tsaya. Wannan ya dawo ya cije shi daga baya.

Sallama da Alhaji ba a ofis aka yi ta ba. Na raka shi gida ranar wata Asabar da hantsi. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, na zo neman izini ne da albarka." Alhaji ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ɗana, na san wannan rana za ta zo. Je ka koyo. Amma ba za ka bar mini fayil a buɗe ba." Yarjejeniyar aikinsa sanarwar wata ɗaya ta nema, shi kuwa wata biyu ya ba su. Ya rufe duk aikin da ke hannunsa, ya zaga da wanda zai gaje shi wurin kowane mai hulɗa, bai kuma ja ko mutum ɗaya ya bi shi ba. A cikin waɗannan makonni ne, a watan Satumba, Akintola Williams ya rasu yana da shekara 104, mutumin da ya buɗe ofishinsa a Legas a 1952, wanda daga baya ya zama Deloitte ta Nijeriya. Na tuna na ce wa ƙanina kada ya raina inda ya fito, don manyan ma daga ɗaki ɗaya wasunsu suka faro.

Wata ukun farko

Ya fara aiki a Oktoba. Ya sami ɗaki a Obalende tare da wani abokinsa, kusa da masallaci da masu tuwo, abin da ya rage masa kewa ƙwarai. Aka sa shi a sashen masana'antu da kayan masarufi, aka ba shi yara uku ya jagoranta a binciken tsakiyar shekara na wani kamfanin sarrafa abinci.

Hangen Dala ba shiga birni ba. Makon farko ya gane cewa yaran da ke ƙarƙashinsa, waɗanda ya girme su da shekara bakwai ko takwas, sun fi shi sanin manhajar da ake aiki da ita nesa ba kusa ba. A Kano fayil takarda ce da Excel. A nan komai cikin manhajar kamfani yake, kowane haɗari da aka hango sai an ɗaure shi da gwajin da zai amsa shi, adadin takardun da za a duba ma lissafi ne ke fitar da shi, ba ido da ƙwarewa ba. Ga kuma cike jadawalin sa'o'i: kowace awa sai ka rubuta wane aiki ta tafi, kuma kowane aiki da kasonsa na sa'o'i da aka yanka tun farko.

Kunya ta hana shi tambayar yaran. Sai ya koma yin abin da ya saba, wato ɗaukar komai a kansa. In yaro ya kawo aiki da gyara, maimakon ya nuna masa, sai ya karɓa ya sake yi da daddare. Sakamakon haka ya cinye sa'o'in da aka ware, yaran ba su koyi komai ba, suka kuma fara ganin bai yarda da su ba. Da ya miƙa fayil ɗin farko, manajarsa ta dawo masa da shi da tambayoyin gyara sama da sittin. Ya kira ni cikin dare, muryarsa a dushe. "Yaya, wallahi aikin daidai yake. Na duba komai." Na tambaye shi me yawancin tambayoyin ke cewa. Ya ce, ina shaidar.

A nan ne bambancin gidajen biyu yake, kuma a ganina shi ne zuciyar lamarin. A Kano, in ya ce wa Alhaji na duba, magana ta ƙare, domin Alhaji ya san shi shekara bakwai. A babban kamfani wanda zai karanta fayil ɗin bai san shi ba: manaja, sannan fatna, wato mai kaso a kamfanin, wanda ke sa hannu, sannan wani fatna daban mai duba ingancin aiki, wataƙila ma masu sa ido daga FRC, hukumar da ke kula da rahoton kuɗin kamfanoni a Nijeriya, ko daga uwar kamfani a waje. Ƙa'idar binciken kuɗi ta duniya ta ce a rubuta aiki yadda ƙwararren odita da bai taɓa shiga aikin ba zai karanta ya gane me aka yi, me aka gani, me ya sa aka yanke hukunci. Amana a can tana kan mutum, a nan tana kan takarda. Ba a ce masa maƙaryaci ba, amma shi haka ya ji abin a ransa, kuma sai da ya ɗauki makonni kafin ya raba biyun.

Abin da ya warware masa ƙulli ƙarami ne. Wata rana bayan an tashi, ya ce wa ƙaramar cikin yaran ta zauna ta koya masa manhajar daga farko, shi kuma zai koya mata yadda ake karanta daidaiton banki a gano inda aka ɓoye abu. Sati biyu suna haka. Sauran biyun da suka gani suka matso da kansu.

Ƙirgar kaya ta 31 ga Disamba

Kamfanin abincin yana da manyan ɗakunan ajiya a Arewa, kuma ba wanda ke son tafiya ƙirgar ƙarshen shekara. Ƙanina ya ce a tura shi Kano, ko ba komai ya ga iyali.

Ƙirga ta tafi daidai da takarda. Amma a ƙuryar sito ya ga tarin kwalaye masu yawa an kewaye su da igiya, ba sa cikin jerin. Manajan wurin ya ce ai waɗannan an sayar, masu su ne ba su zo ɗauka ba. Wani zai rubuta haka ya wuce, don amsa ce mai ma'ana. Shi kuwa da aka fita sallar azahar sai ya zauna da mai kula da sito da masu dako, ana hira da Hausa. Ya ce, "Malam, kayan can na ƙurya na wa ne?" Mutumin ya ce ai duk ƙarshen shekara haka ake yi, a rubuta wa dilolin kaya a Disamba, ba su biya ba, ba su ma nema ba, in Janairu ta yi wasu su ɗauka, wasu a mayar da su cikin sito.

Wannan magana ce babba. A ƙarƙashin IFRS 15 ba a lissafa ciniki sai ikon kaya ya koma hannun mai saye. Akwai halin da aka yarda a rubuta ciniki kaya suna wurin mai sayarwa, amma da sharuɗɗa: ya zama akwai dalili na gaske, kamar mai sayen ne ya nemi a ajiye masa, an ware kayan da sunansa, a shirye suke a ɗauka, kuma mai sayarwa ba shi da ikon ba wa wani. Maganar mai sito ta nuna sharuɗɗan ba su cika ba. Amma hirar bakin masallaci ba ta shiga fayil, kuma ƙanina na watan Oktoba da a nan zai tsaya ya ce na ji da kunnena. Na Disamba ya ɗauki hotuna, ya kwafi lambobin kwalayen, ya karɓi littafin ƙofa inda ake rubuta motocin da suka fita, ya haɗa da takardun cinikin makon ƙarshe. A Janairu ya bi takardun mayar da kaya, ya aika wa dilolin wasiƙar tabbatar da bashi. Bai ambaci sunan mai sito a ko'ina ba, don kada ya jawo masa rasa abinci. Lamarin ya hau har teburin fatna, aka zauna da shugabannin kamfanin, aka rage cinikin shekarar da adadin da ya wuce ma'aunin da aka ɗauka a matsayin mai tasiri.

Da tsohuwar zuma ake magani. Abin da ya gano kayan nan a Sharada da Kwari ya koyo shi, abin da ya sa gano su ya yi amfani kuwa a Legas ya koyo shi cikin wata uku masu ɗaci. Ba na jin ɗaya zai wadatar ba tare da ɗayan ba.

Janairu zuwa Maris sun zo da nauyinsu. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari kwana 90 suke da shi bayan rufe shekara su miƙa rahoton da aka bincika. Shekarar kuma ba irin sauran ba ce: dala da aka shiga 2023 tana wajen naira 460 a farashin hukuma ta rufe shekara tana kusan 900, bayan sakin naira da aka yi a watan Yuni. Duk kamfanin da ke da bashin dala sai da ya rubuta asara mai yawa, har aka riƙa tambayar ko wasu za su iya ci gaba da tsayuwa. A nan ya ga amfanin babban gida, domin akwai sashe guda na masana ƙa'idoji da za ka aika wa tambaya su ba ka amsa a rubuce. Ana gyaran gadar Third Mainland a lokacin, zuwa masana'anta ya zama wahala. Azumi ya kama wajen 11 ga Maris, daidai lokacin da aiki ya fi zafi. Ya sha ruwa a kan tebur kusan kullum, dabino da ruwan gora, tarawih kuwa sai wadda ya samu shi kaɗai a ɗaki. Tun farko ya gaya wa manajarsa lokacin sallar Juma'a, ba a taɓa hana shi ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ƙaramar 'yarsa ta yi rashin lafiya a makon ƙarshe na Maris, ni na kai ta asibiti, shi yana bin mu a waya.

Da lokacin duba ƙarin girma ya zo, sakamakonsa ya yi kyau, manajarsa ta rubuta batun sito da kanta. Amma aka ce bai cika watannin da ake buƙata ba kafin a sa shi a layi, sai zagaye na gaba. Da ya fara aiki wata biyu kafin lokacin da ya fara, ko da ya nemi a rubuta masa alƙawarin dubawa ta musamman a takardar ɗauka, da wataƙila labarin ya bambanta. Wata biyun nan kuwa su ne ya ba Alhaji. Na tambaye shi ko yana nadama. Ya ce, "A'a, Yaya. Da na san haka ma sai na ba shi. Abin da ya kamata shi ne in tambaya, in nemi su rubuta." Ya ƙara shekara guda cur yana amsa sunan siniya, yana kallon waɗanda ya girma suna hawa. A zagaye na biyu aka ba shi mataimakin manaja, sunan da ya bari a Kano kusan shekara biyu baya, amma yanzu da ƙungiyoyi biyu a ƙarƙashinsa da kamfani mai rassa a jihohi da dama.

Iyalinsa har yanzu suna Kano. Matarsa ta je Legas sau biyu, ta ga kuɗin haya da na makaranta, ta ce gara yara su zauna kusa da kakanninsu. Wannan ɓangare bai warware ba, kuma ba na jin ƙarin albashi zai warware shi.

Da Babbar Sallar da ta wuce ya je gaida Alhaji kamar yadda ya saba. Tsohon ya fara gajiya, gwiwa ta matsa masa, ɗaya daga cikin abokan tarayyarsa kuma na shirin yin ritaya. Bayan sun gaisa ya jawo wata ambulan daga ƙarƙashin matashi ya miƙa masa. A karon farko maganar kaso ta hau takarda, da adadi, da sharaɗin ya karɓi lasisin ICAN na buɗe ofis ya yi rajista da FRC don ya riƙa sa hannu a rahoto. Ƙanina ya karanta, ya ce, "Baba, ka ba ni lokaci. Na yi wa kaina alƙawarin shekara uku, kuma akwai binciken banki da aka ce za a sa ni a ciki bana, ina so in gan shi da idona."

Alhaji ya ce ya ba shi har ƙarshen Maris, in an rufe rahotanni. Ambulan ɗin tana wurina, a cikin durowar da nake ajiye takardun gida.